ZAUREN SHAWARA: Na'urar Da Za Ta Komar Da Mafarauci Gida

  

Cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wata uwargida daga Babban Mutum, a Ƙaramar Hukumar Ɓaure, ƙasar Daura. Ta roƙa kada mu faɗi sunanta, mun kuwa yarda. Maigidanta mafarauci ne na gado. Da an gama kaka sai ya ɗauki gora da bindigar toka, ya kira karnukansa, su shiga daji da abokansa. Babban ɗansu ma ya taso cikin sana'ar. Bara, cikin hunturu, ranar da hazo ya rufe ko'ina, yaron ya bi karnuka a guje, ya rabu da jama'a. Ya yi ta kira, ba amsa. A daji ya kwana. Kashegari da hantsi ya faɗa wani ƙauye, da ya yi tambaya sai aka ce masa ai ƙasar Magarya yake, cikin Nijar. Ga bindiga a kafaɗa, ba takarda ko ɗaya a aljihu. Ya yi sa'a dattawan ƙauyen sun san ubansa, suka ba shi ruwa da fura, suka sa aka rako shi. Uwar ta ce daren nan ko runtsawa ba ta yi ba.

Yanzu gardama ta tashi a gidan. Ɗan ya ce a sayar da akuya biyu a sayo na'urar nuna wuri, wadda samari suke kira jifiyes. Uban ya ce kakansa bai san ta ba, bai kuwa taɓa ɓata ba. Uwargida tana tambaya: wa ke da gaskiya? In kuma za a saya, wace iri?

Mun tabbata ba gidanta kaɗai ke da wannan tambaya ba. Bari mu bi ta a hankali.

Yadda take aiki

Can sama, nisan wajen kilomita 20,000 daga ƙasa, akwai taurarin ɗan'adam masu kewaya duniya sau biyu kowace rana. Sojojin Amurka suka fara harba su a 1978, tsarin kuwa ya cika a 1995 da taurari 24. Kowane ɗayansu yana ɗauke da agogo mai daidaito ƙwarai, dare da rana yana shelar inda yake da kuma lokacin da ya aiko da saƙon. Na'urar da ke hannun mutum kasa kunne take yi.

Kun san yadda akan ga walƙiya, sa'an nan bayan ɗan jimawa a ji aradu. In jinkirin ya yi yawa, an san hadarin yana nesa. Haka na'urar take lissafi. Takan auna jinkirin saƙon kowane tauraro, ta san nisansa. In ta ji huɗu ko fiye, sai ta gane inda take a bayan ƙasa. A da, gwamnatin Amurka takan gurɓata saƙon da gangan ga waɗanda ba soja ba, har kuskuren yakan kai wajen mita 100. An daina wannan a watan Mayu na 2000. Yau, a fili inda sama take buɗe, kuskuren 'yan mita ne kawai. Rasha ma tana da nata taurarin, ana kiransu GLONASS. Turai suna da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou.

Abu biyu muke so ku riƙe daga wannan. Na ɗaya, tun da saurare kaɗai take yi, ba ta bukatar layi, ko kati, ko sabis. Hazo ba ya toshe mata kunne, girgije ma haka, duhun dare ma haka. Na biyu, tun da saurare kaɗai take yi, ba ta faɗa wa kowa inda kake. Kai kaɗai take gaya wa. In ka faɗi ka karye, za ta nuna maka wurin da kake kwance daidai, amma ba za ta kai labari gida ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba sai bayan sun biya kuɗi.

Uba da ɗa

Maigida yana da gaskiyarsa. Ya san iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ya san Gamzaki in ya fito da asuba gabas yake. Ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san wace kuka ce ke duban wace rijiya, ya san ƙasar jigawa da ta fadama da tafin ƙafarsa. Wannan sani batir ɗinsa ba ya ƙarewa, ɓarawo kuma ba ya ƙwace shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma ɗan ma yana da tasa. Dajin da kakansa ya sani ba shi ne na yau ba. Gawo da marke da tsamiyar da ake shaida hanya da su, da yawa gatari ya cinye. Inda dā saura ce yau gona ce. Nama ya yi nisa, har mafarauta sukan shiga mota su tafi ƙasar Bauci, ko Neja, ko Taraba, ko ma kudu, dajin da ba su san itacensa ko ɗaya ba. Ranar hazo mai kauri kuma, rana kanta ba a ganin inda take. A irin wannan rana ko gwani yakan yi ta kewaya wuri ɗaya bai sani ba.

Saboda haka ba mu ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Sanin uba shi ne sandan tafiya. Na'urar kuwa kamar fitila ce da ake ajiyewa don ranar duhu.

Wayar hannu ba ta isa ba?

Kafin a taɓa akuya, a duba aljihu. Kusan kowace babbar waya ta zamani tana da kunnen jin waɗannan taurari a cikinta, kuma yana aiki ko ba sabis. Taswira ce kaɗai take bukatar intanet. In an sauke taswirar yankin a waya tun ana gari, kamar yadda Google Maps da OsmAnd suke ba da dama, za ta nuna wuri a tsakiyar daji. Mutanen Jihar Katsina ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro. Kira ya tsaya, saƙo ya tsaya, amma taurari ba su daina magana ba. Wanda yake da taswira a cikin wayarsa ya ci gaba da ganin inda yake.

Raunin waya sananne ne. Cajinta ba ya jimre wa doguwar tafiya, balle in saurayi ya wuni yana jin waƙa da ita. Gilashinta yana fashewa. Cikin hasken rana da ƙyar ake ganin fuskarta. Hannu mai gumi da ƙura ba ya shafa ta da kyau.

Ga yadda muka ga ya dace a raba maganar. In farautar ta wuni ɗaya ce, kusa da gida, a fita da safe a komo da yamma, waya mai taswira da ƙaramin kamfas na allura sun isa. Kada a sayar da dabba. Amma in tafiyar ta kwanaki ce, cikin baƙon daji, na'urar ta cancanci kuɗinta. Ko a nan ma ba dole kowa ya mallaki tasa ba. 'Yan farauta ƙungiya suke tafiya. A haɗa kuɗi a sayi ɗaya ko biyu, a koya wa mutum uku ko huɗu aiki da ita, a ba wanda ya fi saurin bin karnuka, gama shi ne ya fi kusa da ɓata.

Abin da za a duba wajen saye

Na fari, batir. Wannan ya fi kome. A nemi wadda take cin ƙananan batura biyu irin na rediyo, waɗanda aka rubuta AA a jikinsu, gama ana samunsu a kowace kasuwar ƙauye. Wadda sai an sa ta a caji, in ta mutu a daji ta mutu ke nan. Ƙananan na'urorin Garmin da ake kira eTrex, misali 10 da 22x da 32x, irin waɗannan batura suke ci, masu ƙera su kuwa sun ce sukan kai wajen awa 25. Ba talla muke yi musu ba, misali muke bayarwa domin ku san abin tambaya. Ku sani kuma batura masu araha ba sa kai haka. A sayi masu ƙarfi, a riƙe wasu na ko-ta-kwana a ƙulle cikin leda.

Na biyu, maɓalli. A zaɓi wadda ake dannawa, ba wadda ake shafawa ba. Ana iya danna ta da hannu ɗaya, cikin duhu, da yatsa mai datti.

Na uku, jimiri. A duba jikinta ko kwalinta ko an rubuta IPX7. Ma'anarsa, za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30 ba ta lalace ba. Wadda ruwa ba ya shigarta cikin sauƙi, ƙurar hunturu ma ba ta cika damunta ba. A sa mata igiya a rataya a wuya, gama a guje ake yar da kaya.

Na huɗu, ajiye alama da bin sawu. Dukan amfaninta ga mafarauci a nan yake. Alama ita ce ka danna a wuri, ka ba shi suna, ta riƙe maka: gida, sansani, rijiya, inda aka bar mota. Sawu kuwa shi ne zanen hanyar da ka biyo, wanda za ka iya bi ka koma. In mai sayarwa bai iya nuna maka waɗannan biyu a gabanka ba, je wani kanti.

Na biyar, kamfas. Wasu suna da kamfas na lantarki a ciki, kamar eTrex 32x, sukan nuna arewa ko kana tsaye. Waɗanda ba su da shi ba sa sanin inda ka fuskanta sai ka yi 'yan taku. Wanda bai san haka ba, in ya tsaya cak ya ga kibiya tana rawa, sai ya zaci na'urar ta lalace. Lafiyarta lau, tafiya take jira.

Na shida, taswira. Kada wannan ya ruɗe ku. Na'urar da aka sayo daga waje sau da yawa taswirar Amurka ko ta Turai ce a cikinta. Ko an sa mata ta Najeriya, manyan hanyoyi da garuruwa za ta nuna. Burtali da turbar ƙauye da rijiyar makiyaya, ku ne za ku sa mata su da hannunku. Na'ura maras ado wadda aka cika da alamun gida ta fi mai launi-launi wadda ba ta san ƙauyenku ba.

Na bakwai, in tana jin taurarin Rasha ko na Turai haɗe da na Amurka, ya fi kyau. Takan yi saurin gane wuri, musamman a ƙarƙashin manyan itatuwa ko tsakanin duwatsu, inda sama ta ƙuntata.

Akwai masu tsada waɗanda suke iya aika saƙon neman taimako ta tauraro, kamar inReach, mai aiki da taurarin Iridium. Waɗannan sai da biyan kuɗi a kai a kai, in an daina biya kuwa bakinsu ya rufe. Akwai kuma irin da ake ɗaura wa kare a wuya don a san inda ya shiga. Ga yawancin gidajenmu waɗannan sun fi ƙarfin aljihu, ba kuwa dole ba ne.

In ta hannu za a saya, kada a yi ciniki cikin rumfa. A fita da ita fili a kunna. In ta daɗe a ajiye takan ɗauki 'yan mintoci kafin ta kama taurari, a yi haƙuri a jira. A gwada lambobinta da na waya. A buɗe gidan batir a duba ko akwai tsatsa ko farin gari, alamar batir ya taɓa fashewa a ciki. A karɓi rasit, a ajiye.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Yawancin waɗannan na'urori da Turanci ko Faransanci suke magana. Wanda ya tsorata, ga ƙishi, ga duhu, ba lokacin koyon karatu ba ne gare shi. A koya tun a gida. A sa alama a ƙofar gida, a tafi gona, a ce mata ta komar da kai. A yi haka da rana, a yi da dare, har hannu ya saba. Yaran makaranta na gidan su taimaki ubansu da karanta rubutun, shi kuwa ya nuna musu itatuwa da taurari. Kowa ya ƙaru.

A tuna kibiyarta miƙe take nuna hanya, kamar tashin tsuntsu. Ba ta san kwazazzabo ba, ba ta san gonar mutane ba, ba ta san tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe ba. Ido yana nan da aikinsa.

A kula da lambobi kuma. Ƙasar Daura tana wajen digiri 13 arewa, tsakanin digiri 8 da 9 gabas. Ana rubuta lambobin wuri iri dabam-dabam: wani da ɗigo, wani da digiri da minti. In ka karanta wa ɗan'uwanka digiri 12 da ɗigo 30, shi kuwa ya ɗauka digiri 12 da minti 30 ne, zai neme ka a wurin da ke nesa da kai da wajen kilomita 22, gama digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne. Saboda haka dukan ƙungiya, da wayar da aka bari a gida, su daidaita a kan salo ɗaya kafin a tashi.

Abin da ba ta iyawa

Ga mutanen Babban Mutum iyaka a bayan gida take. Ingila da Faransa suka shata ta, ma'aikatansu suka bi ta suna kafa duwatsun shaida tsakanin 1906 da 1908. Ba katanga, ba shinge. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Zomo bai san ta ba, kare ma haka. Amma hukuma ta sani. An rufe iyakokin Najeriya a watan Agusta na 2019. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A Janairu na 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Mutumin da aka tarar da makami a ƙetare, bayanin cewa zomo ya biyo ba lalle ya fisshe shi ba. A nan na'urar tana da amfani, in an shirya ta. Ku tambayi dagaci da dattawa inda iyakar ta bi a dajin da kuke shiga, ku sa alamu tun kafin a kai gare ta, ku ɗauki alamun nan kamar bakin rijiya.

Haka nan gandun daji. An hana farauta a Yankari, da Falgore, da Kamuku, da Baturiya. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar tarayya ta 1985 sun kāre waɗansu dabbobi. Na'ura ba ta ba da izini. Bindigar toka ma tana bukatar lasin daga 'yan sanda. Akwai kuma dazuzzuka, irin su Rugu a yammacin Jihar Katsina, inda 'yan bindiga suka yi shekaru suna ɓarna. Ba taswirar da take nuna mugu. In hukuma ko mutanen wuri suka ce kada a shiga, kada a shiga.

Ba za mu rufe wannan magana ba sai mun tuna da mafarauta 16 'yan arewa da aka kashe a Uromi, Jihar Edo, a watan Maris na 2025, suna kan hanyar komawa gida Kano daga Fatakwal. Ba ɓata suka yi ba, sun san hanyarsu sarai. Zato ne ya kashe su, da ɗaukar doka a hannu. Alhakin yana kan waɗanda suka aikata. Amma abin ya nuna mana akwai hatsarin da taurari ba sa gani. Mai tafiya nesa ya riƙe katin shaidarsa, da lasin bindigarsa, da takardar ƙungiyarsa ta mafarauta. In ya isa baƙon wuri ya fara gaida mai gari, ya sanar da 'yan sanda. In jami'i ya tambayi abin da ke rataye a wuyansa, ya nuna, ya yi bayani da ladabi, ya fito da rasit.

Amsarmu

Uwargida, ga abin da muka gani. In maigida da ɗanki a dajin kusa suke farauta, kada ki yarda a sayar da akuyoyinki. A gyara wayar yaron, a sa mata taswira, a saya masa kamfas da usur, ya kuma yi alkawari ba zai kunna waƙa a daji ba. In suna tafiya nesa, maigida ya kai maganar gaban Sarkin Dawa da abokan tafiyarsa, a haɗa kuɗi a sayi mai sauƙi, mai maɓalli, mai cin batir na kasuwa.

Kowace suka zaɓa, ki tuna ita ba ta kawo labari gida. Wannan aikin naku ne. Ki ajiye ƙaramin littafi. Duk ranar fita a rubuta abu uku: ina za su, da su wa, yaushe za su komo. In sun san lambobin sansaninsu a rubuta su ma. Ku yi shawara tun da wuri, in lokaci kaza ya wuce ba su komo ba, wa za ki fara faɗa wa. Da an yi haka bara, da masu nema sun san inda za su dosa tun daren.

Maigida, muna gaishe ka da aiki. Ba raina saninka aka yi ba. Ka ci gaba da koya wa yaron iska da taurari da sawun nama, kada su bi ka kabari. Kai kuma ɗanmu, ka ji maganar mahaifinka, kada ka sake rabuwa da jama'a saboda zomo ɗaya. Naman da aka kawo gida shi ne nama, mafaraucin da ya komo gida kuma shi ne gwani.

In hunturu ya wuce an rataye gora, kada a manta a cire batir daga na'urar kafin a ajiye ta.

Masu karatu, in akwai wanda ya taɓa aiki da irin wannan na'ura a daji, ko wanda yake da wata tambaya a kan zaman gida da sana'a, ya rubuto mana. Mai tambaya ba ya ɓata. Sai wata mai zuwa, ku huta lafiya.